Ranar da Injiniya Ya Wanke Kan Auta

Injiniya bai taɓa taka makarantar injiniyoyi ba, ko da don ya fake wa ruwan sama. Wankin mota yake yi a bakin titi, da bokiti huɗu da tiyo ɗaya da wani tsohon injin hura iska. Shi ya raɗa wa kansa sunan, mu kuma muka bi shi a haka don a zauna lafiya. Ni tela ne, shagona yana ƙofar gidan hayar da muke zaune, kuma shekara goma sha biyu ke nan ina shan cika bakinsa ta taga, har na kai ga tun daga gyaran murya nake gane girman abin da zai fito.

Abu biyu yake ji da su a duniya, 'yarsa Auta da gemunsa. Auta shekararta tara, tana da gashi baƙi mai yawa, mai murɗe-murɗe, wanda in ka ja sili ɗaya ka saki sai ya koma ya naɗe abinsa. Tun tana shekara huɗu almakashi bai taɓa shi ba, kuma duk ƙarshen wata sai ta shigo shagona ta ari tef ta auna tsawonsa, ta rubuta a bayan littafinta. Gemun kuwa ya sauko har ƙirji, ga laushi, ga ƙyalli, ga ƙamshin kwakwa. In ka tambaye shi abin da yake shafawa sai ya ce, "Ruwa kawai. Jini ne, Tela, gado muka yi."

Matarsa nas ce, aka tura ta kwas na mako guda. Ranar Litinin mai zuwa za a ɗauki hoton 'yan aji a makarantar su Auta, kuma ita aka zaɓa ta tsaya a gaba ta riƙe allon ajin. Yarinyar ta yi kwana goma ba ta da zancen da ya wuce wannan. Kafin uwar ta tafi ta rubuta wa mijinta takarda: shamfu mai sauƙi wanda ba ya kumfa da yawa, da kwandishina, wato man laushin da ake shafawa bayan wanki a ɗauraye, da mataji mai manyan haƙora. Ta ce ya saya, ranar Asabar ya kai yarinyar wajen mai kitso da ke hawan sama.

Abin da ya sa sai an sayi man laushin kuwa, babbar kwalbar matarsa ta ɓata wata guda da ya wuce. An birkice ɗaki ba a gan ta ba. Injiniya ya fito tsakar gida ya ce, da muryar da za a ji a sama, wai in man gashi ya ɓata, masu sana'ar gashi ya kamata a tambaya. Tun ranar mai kitso take amsa gaisuwarsa da hanci.

Ranar Juma'a da yamma ya shigo shagona ya zauna a kan yadin mutane, ya yi gyaran murya mai tsawo.

"Tela, ka taɓa lura da abin da mata suke yi in sun kawo wankin mota?"

"Jira suke yi."

"Jira. Minti arba'in mace tana zaune, kanta ba ya aikin komai. To ni na yi tunanin da ba wanda ya taɓa yi. Mota a dama, kai a hagu. A wanke mota, a wanke kai, su fita tare suna ƙyalli. Gobe zan gwada a kan Auta a tsakar gida, kowa ya gani da idonsa. Kai dai ka ɗinka mini kyallen talla."

"Ka taɓa wanke gashin mace?"

"Na wanke motar da ta kwana uku a cikin taɓo. Datti ai datti ne, ko a taya ko a ƙeya."

"Maman Auta fa ta ce ka kai ta sama."

"Sama? Wajen wadda take kallona kamar na ci mata abinci? Ka bar mata da surutunsu."

Ya kamata in hana shi. Ban hana ba, don ni ma ina da nawa halin: in na ga abin kallo yana tahowa ba na iya tare masa hanya. Na ɗauko yadi ruwan ɗorawa na ɗinka masa jajayen haruffa, WANKIN MOTA DA NA KAI, INJINIYA, har da geza a ƙasa.

Da safen Asabar na raka shi shagon kayan gyaran gashi. Mai shagon, wata mata mai haƙuri da gilashi a kan hanci, ta karɓi takardar ta karanta ta gyaɗa kai.

"Wadda ta rubuta wannan ta san abin da take yi. Gashin yarinyar, murɗinsa manya ne ko ƙanana? Yana saurin bushewa?"

"Baƙi ne," in ji Injiniya.

"Na ji, amma ina tambayar..."

"Malama, ajiye takardar nan. Yau ma'aikaci ne ya zo da kansa."

Ya bi kanta yana ɗaukar kwalabe ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza, ya ɗaga sama ya duba kumfa. Wadda ba ta tashi ba ya dire ta da tsaki. Shamfun da matarsa ta rubuta ya girgiza shi har sau biyu, ya ce wannan ko faranti ba zai wanke ba. Can ƙasa ya zaro wata koriyar jarka, yana girgizawa ta cika da kumfa har wuya, fuskarsa ta washe.

"Wannan fa?"

"Wannan na makanikai ne da masu aikin maiƙo. Yana kwashe mai kaf. Shi kuwa gashi mai murɗi dama a bushe yake, man fatar kai ba ya samun sauka har bakinsa, ɗan abin da ya samu da shi yake rayuwa. In ka kwashe masa, soso zai koma."

"Ka ji ko, Tela? Yana kwashewa kaf. Shi nake nema."

Matar ta numfasa, ta ɗauko wata farar kwalba. "To ko da man laushin ka haɗa. Ita kaɗai ta rage mini, sai Laraba kaya za su iso."

Ya girgiza, ko ɗigon kumfa babu. Ya buɗe ya shinshina, na ga ya yi saurin rufewa ya kai hannu ya shafa gemu.

"Abin da ba ya kumfa ba ya aiki," ya ce. "A shafa, a ɗauraye, ya bi ruwa ya tafi. Wannan wayon 'yan kasuwa ne, ni ba a yi mini."

Wata mata da ke bayanmu ta miƙa hannu ta ɗauke kwalbar ta saya a gabanmu. A wajen mataji ma ya ture mai manyan haƙora, wai datti zai riƙa wucewa ta tsakani, ya zaɓi wani siriri mai haƙora a matse. Mai shagon ta bi mu da kallo har ƙofa, ta ce Allah ya ba yarinyar haƙuri.

Bayan azahar ya rataye kyallen a igiyar shanya ta tsakiya, ya jera bokitansa huɗu da baho, ya ɗora Auta a kan 'yar kujera kusa da famfo. Matan gida suka fito, wasu a ƙofar ɗaki, wasu a matakala. Tsohuwar da ke da gidan ta jawo kujerarta ta zauna, ta cire silifas ta ajiye a gefe. Mai kitso ta jingina da ƙarfen barandar sama ta harɗe hannu.

"Baba, Mama ta ce wajen Anti za a kai ni," in ji Auta.

"Mamarki ba ta ga shirin da na yi ba. Ranar Litinin mai hoto sai ya nemi ƙarin fim saboda ke."

"Baban Auta," mai kitso ta ce daga sama, "in ka gama ka turo mini ita tare da almakashi, don aikinsa kaɗai zai rage."

Auta ta kai hannu biyu ta dafe kanta. Injiniya ya miƙe tsaye ya bugi ƙirji, ya kama gemunsa ya ɗaga.

"Ku shaida, jama'a. In aka sa almakashi a gashin yarinyar nan, ko sili ɗaya ne, a kira mai aski ya kwashe gemun nan tas."

"Mun shaida," in ji gidan gaba ɗaya, har da tsohuwa da ba ta ji sosai.

Ya warware manyan kalaba biyun da uwarta ta yi mata, ya kwara ruwa, ya tuttula koren shamfu cikin tafin hannu sau uku. Sai ya tattara gashin gaba ɗaya ya tara a tsakiyar kai, ya shiga cuɗawa yana zagayawa, daidai yadda yake wanke rufin mota. Kumfa ta tashi. Ta rufe kan Auta, ta rufe kunnuwanta, ta cika baho ta zubo, ta kama hanya a kan siminti. Kafin a ankara ta ɗauki silifas ɗin tsohuwa ɗaya ta nufi magudana da shi.

"Ɗan nan, takalmina ina za shi?"

"Kyauta ce, Kaka, shi ma an wanke."

Ya ɗauraye, ya juyo ya fuskanci jama'a kamar malami a aji. "Sirrin sana'a ke nan, ku buɗe kunne. Mota in ta wanku, ka ja yatsa a jikinta sai ta yi ƙii. In ba ta yi ƙii ba, da saura." Ya kama gashin tsakanin yatsu biyu ya ja. Shiru. "Kun gani? Da saura."

"Wannan santsin da kake ji shi ne lafiyar gashin," in ji mai kitso.

"A wajenku. A wajenmu sunansa datti."

Ya sake wankewa. Ya ja, aka ji ɗan motsi. Ya wanke na uku, Auta tana cewa ido, Baba, ido, yana cewa rufe, saura kaɗan. Da ya ja a karo na ukun sai gashin ya yi ƙii, har ni da ke ƙofar shago na ji. Injiniya ya yi murmushi baki har kunne, ya sa mata biyu suka matso suka saurara. Daga nan ya ɗauko tawul ya rufe kan ya shiga gogewa da hannu biyu, gaba da baya, da ƙarfin da yake goge bonet ɗin mota.

Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce. Ya sa yatsa a baki ya roƙi jama'a da ido.

"Baban Auta, kun je wajen Anti kuwa?"

"Ai muna tare da ita yanzu haka. Ga ta nan tana kallonmu."

"Ka samu man laushin?"

"An samu abin da ya fi shi. Layin nan ba kyau, Maman Auta, sai anjima."

Ya kashe wayar ya juyo wajena. "Tela, ara mini wuta."

Nan ma ya kamata in ƙi. Na zaro masa wayar wuta daga shagona, ya jona injin hura iskar. Abin da ya manta shi ne, jiya da shi ya yi aikin kujerun tasi, kuma bai kakkaɓe shi ba. Yana kunnawa injin ya yi tari, ya feso ƙura da ledar alewa da wani tsohon rasit. Iskar ta bugi igiyar shanya, zannuwan tsohuwa biyu suka tashi, ɗaya ya sauka a kumfa, ɗaya ya rufe wa wata mai jego fuska. Buhun guntayen yadi da zare da ke ƙofar shagona ya kife, iska ta kwashe su ta juya da su a tsakar gida. Injiniya bai ga ko ɗaya ba, ya saita bakin injin a kan Auta yana zagaya ta, yana faɗar wata magana da ba wanda ya ji saboda ƙara.

Da ya kashe, kowa ya zuba wa kan Auta ido. Gashin ya tashi tsaye ta ko'ina, ya ninka kansa uku, ya bushe ƙamas, ƙyallin ya tafi, murɗin ya tafi. Jan zare da koren zare da guntun leshi suna leƙowa daga ciki. Fuskar yarinyar ta koma 'yar ƙarama a tsakiya.

"Za ta shige ƙofar aji kuwa?" wata ta tambaya a hankali.

"Wannan cika ce," in ji Injiniya. "Gashi ya samu 'yanci. Yanzu sai taza."

Ya dasa siririn matajin tun daga tushe, ta bayan kai, ya ja. Matajin ya yi tafiyar rabin yatsa ya tsaya. Ya sake ja.

"Baba, da zafi."

"Kada ka ja," in ji mai kitso, ta saki ƙarfen baranda. "Ka bar shi haka."

"Ba ja zan yi ba. Noti in ya cije, juya shi ake yi."

Ya juya matajin sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Gashin ya naɗe a jikinsa tam, har haƙoran suka ɓace, sai ɗan mariƙin kaɗai ke waje. Ya gwada juyawa baya, abin ya ƙara cijewa. Ya saki mariƙin. Ya ruga ƙarƙashin matakala inda yake ajiye akwatin kayan aikinsa, ya dawo da gwangwanin man goge mota, irin farin nan da ake shafawa a bari ya bushe.

"Kai, Injiniya," na ce, "wannan na fenti ne."

"Santsi ai santsi ne."

Ya lakuto ya cusa a gindin matajin. Rana tana dukan tsakar gida, ba a yi minti biyar ba man ya bushe ya yi fari, ya daskare da mataji da gashi wuri ɗaya. Injiniya ya taɓa, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ja da baya taku ɗaya.

Auta ta sauko daga kujera. Ta wuce ta gabana ta shiga shago, ta tsaya a gaban dogon madubin da masu gwada kaya suke dubawa. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi. Ta ɗauki tef ɗina daga kan keken ɗinki, ta lalubi bakin gashin don ta auna kamar yadda ta saba, ta lalubi nan, ta lalubi can, ba ta samu bakin ba. Hawaye suka zubo mata.

"Kawu Tela, yanke shi za a yi?"

Dariyar da na ƙunsa tun jiya ta mutu a cikina. Na dubi kyallen da na ɗinka da hannuna yana lilo a igiya, na ji kunya ta rufe ni. Injiniya yana tsaye a ƙofar shagon, kuma ya ji tambayar.

Mai kitso ta sauko. Ba ta ko dube shi ba. Ta zaunar da Auta, ta shiga taɓa gashin a hankali tana buɗawa.

"A ɗora ruwan ɗumi. Sai man laushi, mai yawa, ba ɗan lakuce ba. Nawa ya ƙare da safe a kan masu wankin Asabar."

"A je shago," in ji tsohuwa.

"Kwalba ɗaya ta rage, an saye a gabanmu," na ce. "Sai Laraba."

Mata suka bazu ɗakuna. Ɗaya ta dawo da kwalbar da sai an ɗura mata ruwa an girgiza, ɗaya ta kawo man shafawa na jiki. Mai kitso ta girgiza kai.

"Ya bushe ya sarƙe tun daga tushe. In ba abin da zai sa shi santsi, duk inda na taɓa karyewa zai yi. Ba zan yi miki ƙarya ba, Auta, in ba a samu ba rabinsa zai tafi."

Auta ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa. Injiniya ya dube ta. Ya dubi matan da suka cika tsakar gida. Ya kama gemunsa ya saki, ya sake kamawa. Sai ya juya ya nufi ƙarƙashin matakala, yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Muka ji yana fitar da soso da tsummoki da burushi daga akwatin, har ya kai ƙasa. Ya dawo riƙe da wata babbar farar kwalba, fiye da rabi a cike. A jikinta an manna filasta irin ta asibiti, da rubutun matarsa a kai.

Mai kitso ta karɓa ta buɗe. Ƙamshin kwakwa ya cika wajen. Ɗaya bayan ɗaya, idanun gidan suka sauka a kan gemun.

"Ashe dai masu sana'ar gashi ne suka ɗauka," ta ce.

"Jini ne," na ce. "Gado suka yi."

"Gwaji nake yi," in ji Injiniya. "Kafin a shafa wa iyali abu, ai maigida ne ya kamata ya fara..." Maganar ta maƙale, don ba wanda ya taya shi, shi kansa bai taya kansa ba. Ya sauke murya. "Na yi miki ƙazafi, Malama, ki yafe mini. Ki ceci gashin yarinyar nan, duk abin da kika ce in yi zan yi."

"Riƙe kwalbar. In na ce matsa, ka matsa. In ban ce ba, ka yi shiru."

Awa uku aka yi. Ta jiƙa gashin da ruwan ɗumi, ta raba shi gida-gida, ta cika kowane gida da man laushi har yana ɗiga. Da yatsu ta fara, daga baki tana hawa sama kaɗan-kaɗan, sai daga baya ta sa nata matajin mai manyan haƙora. Ni na zauna a gefe ina tsince zaruruwana, kowanne na san rigar da ya fito daga ciki. Tana aiki tana karanta masa.

"Shamfu na fatar kai ne, sau ɗaya, mai sauƙi, kuma ba a tara gashi a cuɗa. Man laushi na jikin gashi ne. Ana tajewa yana jiƙe da man a jiki, ba a bushe ba. In an ɗauraye a matse da tsohuwar rigar auduga, ba a gogewa. Sai a bar shi ya sha iskar Allah. Matsa."

Ya matsa. "Ai dama na san..."

"Baba," in ji Auta, ba ta ko ɗago ba.

Ya ja bakinsa ya yi shiru, kuma a shekara goma sha biyun nan ban taɓa ganin haka ba.

Dab da magariba murɗin ya fara dawowa. Mai kitso ta ja sili ɗaya ta saki, ya koma ya naɗe, Auta ta yi dariya da sauran hawaye a kumatu. Abin da ya rage shi ne dunƙulen bayan kai, inda mataji da man mota suka daskare. Ta yi ta fama da shi har ta ceto fiye da rabi, sannan ta miƙo mini hannu.

"Tela, almakashinka."

Abin da ta yanke bai fi girman babban yatsa ba, kuma can ƙasa ne inda sauran gashin zai rufe. Amma almakashina yana da ƙara, kuma gidan ya yi shiru. Tsohuwa da ba ta ji sosai ita ta fara magana.

"Wa yake da lambar mai aski?"

Da hantsin Lahadi mai aski ya zo da jakarsa. Ya manta mayafin da yake ɗaura wa mutane a wuya, sai na kwance kyallen talla daga igiya na miƙa masa. Injiniya ya zauna a kan 'yar kujerar jiya, jajayen haruffa a ƙirjinsa, geza a gwiwa. Auta ta fito, gashinta ya sauko kafaɗa yana rawa in ta taka, ya fi yadda na taɓa ganinsa kyau. Da ta ga aska sai ta riƙe hannun ubanta.

"Baba, a bar shi. Wajen da aka yanke ko nunawa ba ya yi."

Na ɗauka zai kama wannan igiya da hannu biyu. Ya shafa gemun daga sama har ƙasa, a hankali.

"Ke jiya kin yi kuka, kuma ni na jawo. Malam, bismilla."

An kwashe rabi ke nan sai ga Maman Auta ta shigo da jakarta. Ta tsaya. Ta dubi 'yarta, ta dubi mijinta da gemu a kunci ɗaya, ta karanta abin da ke rubuce a ƙirjinsa. Sai idonta ya sauka a kan farar kwalbar da ke kan taga, babu komai a ciki, ga filastarta a jiki.

"A ina aka samo wannan?"

"Ni na samo ta," in ji Injiniya ta gefen baki. "Da ba don ni ba..."

"Kada ka motsa," in ji mai aski.

Mai kitso ta leƙo daga baranda. "Hau sama ki ajiye jaka, Maman Auta. Labarin yana da tsawo, kuma ni zan ba ki shi."

Da aka gama, mai aski ya goge masa fuska ya kwance kyallen. Haɓar ta fito 'yar ƙarama, fara sol, ba ta ga rana ba shekara da shekaru. Ba wanda ya yi dariya, kowa yana jiran wani ya fara. Auta ta matso ta dube shi da kyau, ta lasa yatsa, ta ɗora a haɓar ta ja a hankali, ta karkata kai tana saurare.

"Ya yi ƙii, Baba," ta ce. "Ka wanku."